Yadda ake manna Velcro a bel ɗin kayan wasan kwaikwayo ba tare da ɗinki ba

Duk shekara ni ake bar wa haɗa kayan yara in za a yi wasan kwaikwayo ko ranar al'adu a makarantarmu, dogari ne, sarkin yaƙi ne, ɗan dambe ne, kuma abin da ya fi ba ni wahala a duk kayan shi ne ɗamara. Riga ko ta yi wa yaro yawa zai shiga fili da ita a haka, amma bel in bai kama ƙugu ba sai kiga yaro hannu ɗaya riƙe da takobin kwali ɗayan yana tare ƙugu, duk maganar da ya haddace ta gudu. Ga shi yawancin bel ɗin nan ba yadi ba ne balle a kai wa tela, roba ce ko leda mai kauri ko kwali da aka lulluɓe, allurar keke in ta shiga ko ta karye ko ta ɓula abin a jere ya yage daga nan. Shi yasa na koma Velcro da gam, kuma in an bi shi yadda ya kamata yana riƙewa sosai.

Velcro dai shi ne abin nan na takalmin yara da ake ɓarewa yana ƙara, wasu 'yan kasuwa majik tef suke ce masa. Ɓari biyu ne, ɗaya mai kaushi ɗaya mai laushi kamar gashi. Wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙirƙiro shi bayan ya dawo daga daji da karensa a 1941 ya tarar da ƙayar wata ciyawa ta maƙale a wandonsa da gashin karen, irin dai yadda ƙarangiya take yi mana, da ya duba da madubin ƙara girma sai ya ga 'yan ƙananan ƙugiyoyi ne a jikinta. Ki riƙe wannan a ranki, ɓari mai kaushin nan ƙarangiya ce, duk yadin da ya taɓa sai ya kama shi. Abu na biyu da zaki riƙe: in aka ja Velcro a kwance, yadda ƙugu yake jan bel, yana da ƙarfi ƙwarai, amma duk lokacin da aka ɓare shi gam ɗin da ke ƙasansa ake ja. Kusan duk bel ɗin da ya taɓa lalace min ba Velcro ɗin ne ya saki ɗan uwansa ba, gam ɗin ne ya saki bel.

Kayan aiki

- Velcro mai faɗin santimita 2.5 ko 5, wanda bayansa babu gam. Baƙi da fari sun fi samuwa, ki ɗauki wanda ya fi kusa da kalar bel ɗin. Masu sayar da kayan teloli suna auna shi yadi-yadi su yanka miki
- Gam ɗin masu takalmi, na gwangwani mai launin ruwan zuma, irin su Evo-Stik. A Kano masu kayan takalmi na Ƙofar Wambai suna da shi, ko ki ba mai gyaran takalmin unguwarku 'yar kwalba ya ɗiba miki
- Sanfefa mai matsakaicin kaushi, 'yar guntuwa ta isa
- Sifirit da tsumma mai tsabta
- Almakashi mai kaifi, tef ɗin awo, alli ko biro
- Tsinken shafa gam, guntun kwali mai tauri ko tsohon burushin haƙori
- Kwalbar lemo wadda babu komai ciki ko cokali, na dannawa
- Abin matse shanya kamar 6, da wani abu mai nauyi, manyan littattafai ko dutsen guga
- Laita, in akwai

Kafin ki buɗe gwangwani ki fara duba da me aka yi bel ɗin, don nan ne ake yawan yin asara.

In robar nan ce mai laushi irin ta silifas, wadda ake yanka sulke da garkuwa da ita, gam ɗin masu takalmi shi ne abokinta, ba shi da na biyu. Fata ta gaske ma haka, musamman cikinta mai gashi-gashi, tana shan gam ta riƙe. Leda mai ƙyalli irin ta kujera ko ta jaka ita ce mai gardama. Bayanta yadi ne yana kamawa lafiya, amma fuskar mai ƙyallin akwai wani maiƙo a cikin robar da yake tasowa a hankali, shi yasa Velcro mai gam a bayansa, wanda ake ɓare takarda a manna, zaki ga ya zauna ranar farko, bayan sati biyu ko uku gam ɗin ya koma kamar cingam yana zamewa. A kan leda sai an kankare ƙyallin sosai, kuma ni ina ƙara masa rifit, wato ɗan ƙarfen nan mai kai da masu takalmi suke bugawa ya haɗa abu biyu. Yadi mai kauri irin jins ko igiyar jakar makaranta yana ɗaukar gam ɗin takalmi in an shafa kaɗan-kaɗan, amma shadda ko satin ko duk wani yadi mai shara-shara gam ɗin zai fito ta fuska ya bar tabo da ba ya fita, su sai gam ɗin yadi. Farin soson nan da ake samu cikin kwalin talabijin kuwa kar ki kusanto shi da gam ɗin takalmi, narkar da shi yake yi nan take.

Sufa gulu, dan Allah ki bar shi a durowa. In ya bushe ƙanƙarewa yake kamar gilashi, bel kuwa lanƙwasa yake a ƙugu, to sai ya tsattsage. Yana kuma ratsa Velcro ya sandarar da gashin ya daina kamawa. Sannan in ya zuba da yawa a kan auduga yana ɗaukar zafi har hayaƙi, yana iya ƙona yatsa.

1. Auna a jikin mai sakawa, da kayan wasan a jikinsa

Ba a kan singileti ba. In babbar riga zai saka ko alkyabba ko an cusa masa tsumma a ciki don ya yi tumbi, ki saka masa duka sannan ki zagaya bel ɗin. Ki bar baki ɗaya ya hau kan ɗaya da santimita 12 zuwa 15, in babba ne 18 ma ba ta yi yawa ba. Ki ce ya ja numfashi, ya zauna, ya tsuguna, ki ga bai matse shi ba. Sai ki ja layi da alli a daidai inda bakin sama ya tsaya a kan na ƙasa. Ni ina son wurin haɗuwar ya faɗa a baya ko a gefe, gaba a bar wa ado.

2. Ki tsayar da wane ɓari zai zauna ina

Nan masu farawa suke yin kuskuren da yake sa a sake aiki daga farko, su manna duka biyun a fuska ɗaya, sai an zo rufewa a ga ba sa haɗuwa sai an murɗe bel ɗin. Bakin da yake ƙasa, wanda ya kwanta a jikin yaro, mai kaushi zaki sa a fuskarsa ta waje. Bakin da yake hawa sama kuma mai laushi zaki sa a cikinsa. Kinga ƙarangiyar tana kallon waje kuma an rufe ta, mai laushin ne yake kallon riga, ba abin da zai ja zaren les ko ya kankare wa yaro ciki. Tun bel ɗin yana jikinsa ki sa alama a wuraren biyu, ni K nake rubutawa a ɗaya, L a ɗayan, don da zarar an shimfiɗa shi a tebur mutum yana rikicewa.

3. Yanka

Mai kaushi gajere, santimita 6 zuwa 8. Mai laushi dogo, 12 zuwa 15. Dalili shi ne bel ɗaya ya yi wa yara masu ƙugu daban-daban, baɗi wani ne zai saka, kuma ko ina aka rufe mai kaushin yana ɓoye. Faɗin Velcro kar ya kai bakin bel, ki bar kamar milimita 3 ko 4 ta kowane gefe don kar ya leƙo. In ɗamarar mai faɗi ce sosai, santimita 10 ko fiye, layi biyu zaki sa, ɗaya sama ɗaya ƙasa, in kika sa ɗaya a tsakiya gefunan zasu riƙa buɗe baki.

Sai ki zagaye kusurwoyin huɗu da almakashi su zama kamar kan yatsa. Ƙaramin abu ne amma wallahi yana ƙara wa aikin kwana, don ɓarewa kullum daga kusurwa mai tsini take farawa. In bakin da kika yanka yana fitar da zare ki wuce da wutar laita a gefensa sau ɗaya da sauri, nailan ne zai narke ya rufe. Ki gama da laita ki ajiye ta nesa kafin ki taɓa gwangwanin gam.

4. Shirya wurin da gam zai zauna

Ki ɗora guntun Velcro a inda zai zauna ki zagaye shi da biro. Cikin wannan zanen ki goga sanfefa har ƙyallin ya mutu, wurin ya yi fari-fari ya yi kaushi a yatsa. Bayan Velcro ɗin ma ki ɗan goga masa, yana da santsi, mutane da yawa suna mantawa da shi. Sai ki goge ƙurar da tsumma mai sifirit ki bar shi minti 5 ya sha iska, kar ki ƙara taɓa wurin da hannu musamman in kin shafa mai.

In za a yi wa bel ɗin fenti, ruwan gwal ko azurfa, ki rufe wuraren nan biyu da tef ɗin takarda kafin fentin. In an riga an yi, sai kin kankare fentin har ki isa asalin robar. Gam a kan fenti fentin ya kama ba bel ba, ranar da aka ɓare sai ya taso da fentin gaba ɗaya.

5. Shafa gam, sannan ki jira

Ki fito tsakar gida ko baranda, warinsa yana hawa kai kuma yana kama wuta, kar a yi kusa da risho ko gas ko murhu, yara ƙanana su matsa. Ki shafa shi siriri a jikin bel cikin zanen, ki shafa siriri a bayan Velcro, har bakin gefe-gefe don gefen ne yake fara tashi. Ki kula kar ya haura kan gashin ko ƙayar. Fata da yadi da roba mai laushi suna shanye shafin farko, in kika ga wurin ya bushe kamar ba a sa komai ba ki ƙara na biyu bayan minti 10.

Toh ga inda haƙuri yake. Wannan gam ɗin ba a haɗa shi yana jiƙe. Ki bar ɓangarorin biyu a buɗe minti 10 zuwa 15, lokacin hunturu yana saurin yi, da damina yana iya kai 20. Ki gwada da bayan yatsa, in ya ɗan kama amma bai biyo yatsan ba, ya yi. In ya yi zare ya biyo ki, da saura. Ki lura da mai gyaran takalmi, zai shafa ya ajiye takalmin ya ɗauki wani aikin, ba wai ya manta ba ne. Wanda ya haɗa shi da danshi ya kulle ruwan gam ɗin a ciki, zai yi kwana biyu yana zamewa. Da hunturu ki kifa kwano ko kwali a sama ba tare da ya taɓa ba, ƙura in ta zauna a kai ta rage masa ƙarfi.

6. Manna

Dama ɗaya ce, da zarar sun taɓa juna sun kama, babu gyara zama. Ki fara saita baki ɗaya a kan layin biro, ki riƙe ɗayan a sama, ki kwantar da shi a hankali kina bi da yatsa. Sai dannawa, kuma ƙarfin dannawar shi ne ƙarfin riƙon. Mai laushin ki mirgina kwalba a kansa da nauyin jikinki, ko ki goga bayan cokali. Mai kaushin kar ki murje ƙayar, ki juya bel ɗin ki kwantar da shi a kan tawul ki danna ta baya. In fata ce ki ɗora guntun katako ki ɗan bubbuga da guduma. Ki bi gefunan da farce ko'ina.

Ga wata dabara da na koya da daɗewa: bel a ƙugu a lanƙwashe yake zama, in kika manna dogon Velcro yana shimfiɗe a tebur, mai laushin da ke ciki zai tattare in an lanƙwasa. Ki ɗora bel ɗin a kan bokiti ko tukunya ya ɗauki siffar ƙugu sannan ki manna, zai kwanta lumui.

7. A bar shi ya kwana

Ki matse gefuna da abin shanya, in robar mai laushi ce ki sa guntun kwali a tsakani don kar ya bar shaida, ko ki danne da littattafai. Kar ki rufe bel ɗin, kar ki gwada, kar ki bari yaro ya gwada, awa 24. Na san hannu yana ƙaiƙayi a ga ko ya kama, amma ɓarewar farko a kan gam ɗanye ita take kashe aikin. In wasan ranar Asabar ne ki yi mannin ranar Alhamis.

8. Gwaji da ƙarfafawa

Washegari ki rufe ki buɗe sau 10, yatsa ɗaya yana danne bakin Velcro na ƙasa. In wata kusurwa ta ɗaga, ki tura gam da tsinken sakace, ki jira ya sha iska, ki matse. Sai a saka wa yaro ya yi tsalle ya yi gudu.

In za a rataya wani abu a bel ɗin, kube ko jaka ko layu irin na 'yan dambe, ko kuma leda ce, ki ƙara ƙarfe. Mai takalmi zai buga miki rifit biyu a kowane guntu, ɗaya a kowane baki, minti biyar ya gama, kan rifit ɗin a waje ma ado ne. Abu mai nauyi sosai kuwa gara a yi masa igiyarsa daban ta kafaɗa, kar a ɗora wa Velcro.

In wani abu ya yanke miki

Babu gam ɗin takalmi sai na kyandir, wato sandar gam ɗin nan da ake sawa a bindigar gam mai lantarki ta narkar da ita? Yana yi in wasan na yini ɗaya ne. Ki sa shi layi-layi a jikin bel, santimita 3 ko 4 a lokaci ɗaya, ki danna nan take don kafin minti ɗaya ya daskare, ki sa cokali ba yatsa ba. In babu wuta ana narka bakin sandar a kan kyandir a shafa da sauri. Amma ba ya son zafi. Wata shekara cikin watan Afrilu na haɗa ɗamarar dogarai 8 da shi, aka bar su a but ɗin mota tun safe har azahar, da muka buɗe biyar sun saki, Velcro ɗin ya manne da ɗan uwansa ya bar bel ɗin fayau, yaran suna tsaye da jajayen riguna suna jira. Da sitefila muka ceci ranar. Tun daga nan in na yi da shi a inuwa nake ajiyewa kuma a hannu nake ɗauka.

Sitefila ita ce maganin bel ɗin kwali dama, don kwali gam yana kama fatar takardar sama ne kawai ya taso da ita. Ki sa gam ɗin, sannan ki buga sitefila 4 zuwa 6 a gefuna. Ƙafafun su fito ta ɓangaren da ba ya taɓa jiki, in dole suka kalli jiki ki danne su da cokali ki rufe da guntun yadi ko filasta.

Velcro mai gam a baya kawai kika samu? A kan roba mai tauri mai santsi yana yi, ki goge da sifirit, ki danna da ƙarfi rabin minti, ya kwana shi ma. A kan yadi ba ya daɗewa sai da sitefila ko rifit. Akwai kuma wanda ake mannawa da dutsen guga, na yadi ne kawai, ta bayan yadin ake gogawa yadda aka rubuta a kwalinsa, dutsen guga in ya hau kan ƙayar kai tsaye narkewa take. Siririn gam ɗin kalmasa na teloli na gwada shi, ba ya riƙe Velcro.

Babu sanfefa, abin goge farce yana yi, ko ki kankara da bakin reza a kwance, ko ki goga a kan siminti mai kaushi. Babu sifirit, ruwan sabulu kaɗan sannan ruwa zalla, amma sai ya bushe ƙarau. Kar ki sa kananzir, maiƙo yake bari.

Yadin ya yi shara-shara? Ki manna Velcro ɗin a kan guntun jins ko fata tukuna, sannan ki naɗe bakin ɗamarar a kan guntun da gam ɗin yadi, nauyin jan sai ya koma kan mai kaurin.

Ki koya wa yaron buɗewa tun a gida, babban yatsa a kan bakin ƙasa, ɗaya hannun ya ɓare a hankali daga ƙarshe, ba fizga ba. Bayan wasa a rufe Velcro ɗin kafin a jefa cikin jaka, in ba haka ba zai kama rawani da gyale ya cika da zare. In ya cika ki tsefe shi da ƙaramin mataji ko tsohon burushi. Ba a jiƙa irin wannan bel ɗin a ruwa, tsumma mai danshi ya isa. Ranar wasan kuma ki tafi da sitefila, fil na kama zani guda 5 da ragowar Velcro a jakarki.